Kwale-kwale a Bayan Ofis

Wani ne, Allah ya ba shi haƙuri da rashin sa'a daidai wa daida, ya shekara shida yana aikin wucin gadi a wani ƙaramin reshe na ofishin ruwa. Shekara shida cur a kan benci. A ofishin nan wanda aka tabbatar wa aiki shi ake bai wa kujera mai hannu, da katin shaida mai igiya, da mabuɗin banɗakin sama. Na wucin gadi kuwa benci ne rabonsa, sai banɗakin ƙasa da sai ka tokare ƙofarsa da ƙafa. Duk ranar da ya tambayi zancen takardarsa, sai a ce masa tana kan tebur. Bai taɓa ganin teburin ba. Matarsa, wadda ke haɗa sabulun ruwa a gida tana sayarwa, tuni ta daina tambayarsa yaya ofis. In ya dawo sai dai ta karɓi jaka ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Yaya benci?"

Ana nan sai tsohon akawun da ke yi wa reshen lissafi ya yi ritaya. Ya tafi da na'urarsa ta lissafi, ya kuma ɓamɓare takardar ma'aunai da ke manne a bango, ya ce da hannunsa ya rubuta. Sati bai zagayo ba sai ga fom daga hedikwata: kowane reshe ya rubuto girman tankinsa na ajiyar ruwa, a lita.

Oga ya tara ma'aikata. Shi Ogan nan yana da wata ɗabi'a, kowace magana da "kamar yadda nake cewa" yake farawa, ko da kuwa bai ce komai ba tun safe. Ya sauke tabarau kan hanci, ya ƙwanƙwasa biro a haƙori, ya ce kamar yadda yake cewa, ana neman wanda ya iya juya ma'auni. Masu kujera duk suka duƙufa kallon silin kamar yau aka kafa shi. Oga ya ƙara da cewa duk wanda ya fitar da shi kunya, shi ma ba zai manta da shi ba ranar rabon takardu.

Hannun mutumin naku ya riga kansa tashi.

To, gaskiyar magana, abin da ya sani game da ma'auni bai fi a ƙunshe a ganye ba. Yana tuna malaminsu na firamare yana dukan allo da bulala yana cewa sifili uku, sifili uku, ko a ƙara ko a cire. Sai dai ranar da aka yi bayanin yaushe ake ƙarawa, yaushe ake cirewa, yana gida kwance da ƙyanda. Ya warke ya dawo ya tarar an wuce zuwa agogo.

Ya ɗauki fom ya zagaya bayan ofis. Wani ɗan tsukukun fili ne da aka dabe da siminti, katanga ta kewaye shi, ga janareta a gefe, ga tankin a kusurwa, na bulo, tsayinsa bai wuce ƙugu ba. Tsohon maginin da ya gina shi yana tsugune yana toshe wata tsaga. Mutumin ya gaishe shi ya tambayi girman tankin. Magini ko ɗago kai bai yi ba, ya ce tsawo mita biyu, faɗi ɗaya, zurfi ɗaya, kubik biyu ke nan. Da ya ga fuskar mai tambaya kamar an yi masa magana da harshen tsuntsaye, sai ya ware hannuwa ya nuna masa: kubik ɗaya akwati ne, mita ɗaya ta kowane ɓangare. Akwati biyu ke nan a jere.

Mutumin ya rubuta biyu. Ya dube ta, ta yi masa kama da marainiya. Ya yi bisimilla ya jera mata sifili uku. Lita dubu biyu. Allah da ikonsa, daidai ne. Wannan shi ne karo na farko da ya dace a lissafi, kuma ku riƙe shi da kyau, don babu na biyu.

Ya kai wa Oga. Oga ya karanta, leɓensa na ƙasa ya sauko har ya kusa taɓa haɓa. Ya ce kamar yadda yake cewa, ya samu labarin reshen da ke maƙwabtaka da su sun rubuta dubu hamsin, kuma ogansu a bayansa yake a makaranta, mutumin da ko lambar motarsa bai haddace ba. Shi yanzu da wane ido zai shiga taro da dubu biyu?

Mutumin ya dubi leɓen. Ya hango takardarsa tana lilo a kansa, saura kaɗan ta faɗo.

"Ranka ya daɗe, ai ban gama ba. Akwai sauran sifili."

"A ina?"

"Tsakanin lita da mililita. Uku ne su ma, ba wanda ya taɓa su."

"To me kake jira da su?"

Ya sunkuya kan tebur ya ƙara uku. Leɓen Oga ya fara komawa gida a hankali, har ya wuce inda ya saba zama ya zama murmushi. Ya ƙirga sifilin da bakin biro sau biyu, ya ce miliyan biyu, da murya irin ta mai faɗin sunan jaririnsa. Ya ce shi ya sa kullum yake cewa ilimi daban, takarda daban. Ya buga hatimi.

Mako na gaba wani fom ya zo, wannan karon ana tambayar ruwan da ke yoyo daga bututun yankinsu a kowace rana. Masu gyaran famfo suka ce a ƙalla lita dubu biyar, ban da wanda yara ke wanka a ciki. Mutumin ya rubuta ya kai. Leɓe ya sauko. Bai jira an yi magana ba, ya sa biro ya kashe sifili uku. Lita biyar. Leɓe ya hau.

Ranar nan ya fita daga ofishin Oga yana jin kansa kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata tun yana yaro. Ashe darasin da ƙyanda ta hana shi ji ke nan: in leɓe na son abu ya yi yawa, a ƙara, in yana son ya yi kaɗan, a cire. Kafin la'asar duk ofis an daina kiransa da sunansa. Sifili Uku, zo ga fom. Sifili Uku, matsa in zauna.

Duk da haka wani abu ya riƙa sosa masa zuciya, kamar tsakuwa a takalmi. Da yamma ya samu matarsa a tsakar gida tsakanin robobinta, ga kofin awo mai layi-layi, ga sirinji, ga ɗan murfin da take auna turare da shi. Ya ja kujera, ya yi gyaran murya, ya ce wai wani abokinsa ne yake tambaya, yaya ake yi da lita da mililita da kubik.

Ta ce abokin nan nasa, ba shi ne wanda ya taɓa tambayar yadda ake cire tabon tawada daga aljihun riga ba? Ya ce wani ne daban. Ta ce to madalla, yana da abokai.

Ta ɗaga kwalba ta ce wannan lita ɗaya ce, cikinta mililita dubu. Ta ɗaga ɗan murfin ta ce wannan mililita ashirin, sai an cika shi sau hamsin kafin kwalbar ta cika. Kubik ɗaya kuma irin kwalbar nan dubu. Ta ce abin da zai gaya wa abokin shi ne, in ma'auni ya ƙanƙance lamba ta kumbura, in ma'auni ya girma lamba ta motse, amma ruwan yana nan yadda yake, ko cokali bai ƙaru ba. In an ƙara sifili sai an canza sunan da ke gabansa.

Shi kuwa duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa: dubu, dubu, dubu. Sifili uku ko'ina. Ya gyaɗa kai ya ce daidai, haka shi ma ya gaya wa abokin. Zancen canza suna kuwa, ai "lita" hedikwata ce ta buga ta a fom da injin, ma'aikacin wucin gadi ba shi da hurumin taɓa rubutun hedikwata.

Ta ajiye sirinji ta dube shi da kyau.

"Maigida, me ka rubuta?"

Ya ce ta bar wannan, harkar ofis ce, tana da zurfi. Ya ce tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Ta ce haka ne, amma ita dai ba ta taɓa ganin balbela a kan benci ba.

Bayan wata guda wasiƙa ta iso. Hedikwata ta duba alƙaluman dukan rassa, ta gano cewa wannan ɗan reshen shi ne ke da tanki mafi girma, kuma shi ne mafi ƙarancin yoyo. Don haka an ba shi lambar yabo, an sa hoton Oga a mujallar ma'aikata, kuma Babbar Darakta da kanta za ta zo ta buɗe tankin. Tunda yoyon bai wuce lita biyar ba, an kwashe masu gyaran famfonsu an kai wa reshen maƙwabta, inda aka fi buƙatarsu. Ogan can, wanda ya rubuta gaskiya don bai iya komai ba, ya samu ma'aikata shida da sabuwar mota. Unguwannin wannan yanki kuwa, har da ta su Sifili Uku, famfo ya yi tari sau biyu ya ɗauke, aka koma jiran motar tanka.

Sannan kaya suka fara isowa, domin akwai ƙa'ida a littafin hedikwata game da duk ma'ajiyar da ta haura lita miliyan ɗaya. Da farko allo ne, ƙato, an rubuta AN HANA IYO DA KAMUN KIFI. Da aka kafa shi sai ya rufe tankin gaba ɗaya. Bayansa sai ga wani jibgegen mutum mai furfura a gemu, da jar rigar ruwa da usur a wuya, ya miƙa takardar turo shi aiki, ya ce shi ne mai ceton masu nutsewa, ina tafkin? Aka kira Sifili Uku. Ya kai shi bayan allo. Mai ceto ya dubi tankin, ya dubi takardarsa, ya sake duban tankin.

Baki shi ke yanka wuya, amma wani lokacin shi ke ɗaure shi. Mutumin ya ji bakinsa yana cewa wannan ai baki ne kawai, cikin yana ƙarƙashin ƙasa.

Mai ceto ya ja da baya taku biyu. Ya ce irin waɗannan su suka fi haɗari. Ya sa kujerarsa nesa, ya ƙara ɗaure riga, kuma tun daga ranar duk wanda ya doshi wajen, ko janareta zai kunna, sai ya busa masa usur.

Zancen baki da ciki ya kai kunnen Oga. Shi dama rabonsa da bayan ofis tun ranar da ƙadangare ya faɗo masa a wuya. Ya ce kamar yadda yake cewa, shi ya ba da shawarar a yi shi a ƙasa saboda tsaro.

Ranar Laraba aka kawo kwale-kwale. Sabo fil, da filafili biyu. Tsawonsa mita uku. Aka gwada sa shi a tankin ta tsawo, ya ƙi. Ta karkace, ya ƙi. Aka ajiye shi a ƙasa a gefen janareta, masu kujera suka riƙa zuwa suna ɗaukar hoto a ciki.

Sashen sufuri na hedikwata kuwa, mutane ne masu tsare aiki. Suka ce ba a buɗe tanki babu ruwa. Suka raba miliyan biyu da lita dubu goma ta kowace tanka, ya ba su sawu ɗari biyu. Suka tattaro duk motocin da ke kai wa unguwanni ruwa, guda arba'in, kowace za ta yi sawu biyar. Kwana uku ana wanke su ana jera su. Kwana ukun nan matar Sifili Uku tana leƙa duronta safe da yamma, ruwa yana sauka, ita kuma maganarta tana raguwa. Mutumin da ya san matarsa zai gane wannan ba alamar alheri ba ce. Shi yana can yana goge takalmi, don Oga ya raɗa masa cewa takardarsa ta bar tebur, ranar buki za a ba shi a hannu.

Ranar ta zo. An kafa rumfa a ɗan filin nan, an shimfiɗa jar darduma, an toshe magudanar ruwa da bulo don kada baƙi su ji wari. An cire allo, an ɗaura jan ƙyalle a jikin tankin. Da yake wurin ya cushe babu inda za a sa tebur, sakatariyar Oga ta lulluɓe kwale-kwalen da farin yadi, ta jera lambar yabo da ambulan ɗin takardu a kai. Sifili Uku ya ga ambulan mai sunansa. Ya riƙa satar kallonsa kamar mai zance a gaban surukai.

Babbar Darakta ta iso. Mace ce mai tabarau da sarƙa, tana magana a hankali ƙwarai, kowace kalma sai ta juya ta a baki kafin ta sake ta, ta yadda duk mai sauraro sai ya duƙa. Ta dubi tankin, girarta ɗaya ta ɗaga. Oga ya matso ya ce baki ne kawai, ranki ya daɗe, cikin yana ƙasa. Ta ce, "Maaa... dalla." Daga bayan rumfa tsohon magini ya ɗaga murya ya ce shi dai shi ya haƙa, bai ga wani ciki ba. Nan da nan aka ba shi lemon kwalba, aka raka shi inuwa can bakin titi.

Ta buɗe jawabi. Ta ce abin alfahari ne a yau ta tsaya a gaban ma'ajiya mai cin lita biliyan biyu. Mutumin ya ƙirga a yatsu a ɓoye. An ƙara uku. Wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ashe a hedikwata ma akwai wanda ya yi ƙyanda.

Tanka ta farko ta ja baya har bakin katanga, aka zuro tiyo. Direban, wani dattijo da tsinke a baki, ya leƙo ya ga inda za a zuba. Ya cire tsinken. Ya yafito Sifili Uku, don an ce masa shi ne injiniyan wurin.

"Malam, shekarata talatin ina zuba ruwa. Ban taɓa ganin an aiko mota arba'in ga bahon wanka ba."

"Baba, baki ne kawai."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sa mini hannu a nan, kada gobe a ce ni ne."

Ya miƙa takarda. An rubuta kubik goma. Mutumin ya dubi goma, ya tuna miliyan biyu, har tausayin dattijon ya kama shi. Goma kacal. Ya sa hannu da ƙawa, har da ja masa wutsiya.

Aka yanke ƙyalle, aka buɗe ruwa. Mai gabatarwa ya sanar da cewa kada a rufe sai mai hoto ya gama. Ba a gama tafin farko ba tankin ya cika. Darakta ta dubi Oga. Oga ya ce yanzu zai haɗiye, ranki ya daɗe, yana jan numfashi ne. Tankin bai haɗiye ba. Ruwa ya hau baki, ya gangaro ta kusurwa huɗu, ya bi jar darduma ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ya je magudana ya tarar da bulo, ya dawo. Mai hoto kuwa yana ta cewa a ɗan matso, a ɗan yi murmushi, direba yana bayan katanga yana sakace.

Masu kujera suka hau kujerunsu. Ruwa ya wuce idon sawu ya doshi ƙwauri. Sai farin yadin nan ya motsa. Kwale-kwalen, wanda tun da aka sassaƙa shi bai taɓa ganin ruwa ba, ya ɗaga a hankali, ya juya hanci, ya nufi ƙofar baya da lambar yabo da ambulan da komai. Bayan ƙofar kuwa gangare ne, ƙarshensa kwata.

Shekara shida tana tafiya a kan ruwa. Mutumin ya yi tsalle ya bi ta. Santsi ya kwashe shi a bakin ƙofa, ya tafi da ciki cikin taɓo, amma hannunsa ɗaya ya cafki ambulan ya ɗaga sama. Mai ceto, wanda ya yi sati uku yana jiran irin wannan rana, ya busa usur har sau uku, ya yi nutso cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, ya shaƙo wuyansa ta baya yana ce masa kada ya yi kokawa, ya saki jikinsa, an kusa gaɓa. Sai da ya ja shi a taɓo tun daga ƙofa har gaban rumfa, ya danna masa ciki sau biyu, sannan ya miƙe ya sara wa Darakta.

A lokacin tanka ta ƙare da kanta. Ruwa yana ta fita ta ƙofa. Darakta tana tsaye a kan kujera, ta tattare zani da hannu ɗaya. Ta tambayi wa ya cike fom. Oga, kamar yadda yake cewa, ya nuna da yatsa tun kafin ta rufe baki.

Mutumin ya miƙe, taɓo har cikin kunne. Ya san tasa ta ƙare. Ya yi bankwana da kujera mai hannu, ya yi bankwana da banɗakin sama, har bencin ma ya fara yi masa kyau. Darakta ta dube shi ta saman tabarau. Ta dubi tankin. Ta dubi mai hoto, wanda tuni ya aika hotunan yanke ƙyalle. Ita ma tana da nata na sama, kuma biliyan biyun nan ta riga ta faɗe ta a gabansu, sun tafa mata.

"Ruwa... nawa... ya zube?"

Dubu goma a cire dubu biyu, ko shi ya san dubu takwas ne. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga leɓenta.

"Takwas, ranki ya daɗe."

"Takwas... me?"

"Duk wanda kika ga ya dace."

Oga ya fara karanta addu'a a ciki. Sannan ta ce, "Maaa... dalla." Ta juya ga sakatarenta ta ce a rubuta cewa an buɗe ma'ajiya lafiya, an samu ɗan yayyafi. Sauran motoci talatin da tara kuma su koma bayan layi su tsaya da ruwansu har kwana uku, sai sawu ɗari biyu ya cika a takarda, kada wani ya ce an yi aiki rabi da rabi. Ta karɓi ambulan daga hannun Sifili Uku, ta buɗe, ta ce ma'ajiya irin wannan ba za a bar ta babu ma'aikaci na dindindin ba. Ta sa biro ta cike gurbin muƙami da hannunta: matuƙin kwale-kwale.

Ya durƙusa a cikin ruwa ya yi godiya. Da ya ga fuska a sake, ya yi ƙarfin hali ya tambayi zancen kujera mai hannu. Oga ya ce kamar yadda yake cewa, ba a sa wa kwale-kwale kujera, akwai benci a ciki.

Haka ya kamo hanyar gida da rana tsaka, taɓo ya bushe a jikinsa yana tsattsagewa, takarda a cikin leda ya ɗaga ta sama da kai. Babu mai abin hawan da ya yarda ya ɗauke shi. Ya wuce motocin tanka a jere a bakin titi, direbobi na barci a ƙarƙashinsu. Ya wuce matan unguwarsu a layi da jarkoki a gaban famfon da ya daina ko tari. Ya gaishe su, ba wadda ta gane shi.

Ya tarar da matarsa zaune a tsakar gida. Robobi a kife, duro a kwance, kayan haɗin sabulu a ɗaure ba a taɓa ba. Labari ya riga shi isowa, don matar direban nan a wurinta take sayen sabulu. Bai lura ba. Ya ɗaga leda ya ce ta duba da kyau, ta ga abin da sifili uku ya yi wa mutum. Ya ce masu awo da sirinji su ci gaba da awo, shi dai yau ya zama ma'aikaci, gobe ma za a ba shi kati mai igiya. Ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta ce Allah ya sanya alheri, ya tsare shi daga igiyar ruwa. Ya ce amin. Ya ce a taimaka masa da ruwan wanka, jikinsa kamar an yi masa yaɓe.

Ta tashi ba musu. Ya ji motsin bokiti, ya ji ta shiga banɗaki ta fito. Ta ce da ladabi, ruwa na ciki, maigida.

Ya shiga ya rufe ƙofa ya tuɓe. Ga soso, ga tawul a ninke, ga sabuwar kwalbar sabulu mai ƙamshi. Ga bokiti a bushe ƙayau. A tsakiyar gindinsa ɗan murfin awon turaren nan ne a zaune, cike da ruwa har baki.

Ya ɗan buɗe ƙofa ya leƙo da kai.

"Wai ina ruwan?"

"Yana gabanka, mililita ashirin ne. Ƙara sifili uku ka yi wanka."